Me ake nufi da "tagullar ma'auni" a binciken tarihin ƙasar Sin?

Idan ka tambayi tsohon ƙauye shekarunsa, ba kasafai yake ba ka lamba ba. Sai ya ce shi sa'an wane ne, ko kuma wance ta girme shi da damina biyu. In aka yi dace mutum ɗaya a cikin tsarar yana da takardar haihuwa, to an kama bakin zaren, sauran duk da shi za a auna su. Wannan ita ce ma'anar kalmar da masanan ƙasar Sin ke kira biaozhunqi, wadda na fassara da tagullar ma'auni: tukunya ko kwano na tagulla wanda rubutun jikinsa ya faɗi zamanin sarkin da aka ƙera shi, har ya zama abin gwada shekarun sauran da ba su faɗi komai ba. Masanin da ya tsara wannan hanya ya kuma yayata ta shi ne Guo Moruo, a farkon shekarun 1930.

Dalilin buƙatar ta shi ne tagulla ba ta faɗin shekarunta a ɗakin gwaji. Gwajin kabon da muke yawan ji yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar ƙashi, gawayi, itace ko ƙwayar hatsi. Tagulla kuwa haɗin jan ƙarfe ne da kuza, sau da yawa har da dalma, babu rai a cikinsu. Akwai 'yar dabara guda. Maƙeran tsoffin daulolin Sin, wato Shang da Zhou da ta gaje ta, suna zuba narkakken ƙarfe ne a cikin mazubin yumɓu da aka harhaɗa gutsure-gutsure, kuma sukan bar yumɓu a cikin ƙafa ko mariƙin tukunyar. Ana iya ɗebo wannan yumɓu a gwada yaushe wuta ta gasa shi. Gwajin yana da amfani wajen kama jabu, amma ratar da yake bari tana iya kai ɗaruruwan shekaru, ba zai raba maka zamanin uba da na ɗansa ba.

A nan rubutu yake shigowa. A shekarar 1976 manoma a Lintong, cikin lardin Shaanxi, suka tono wani kwanon hatsi da ake kira Li gui. Bai kai girman da sunansa ya kai ba, tsayinsa santimita 28 ne, yana da mariƙi biyu, yana zaune a kan gindi mai kusurwa huɗu. Leƙa cikinsa, a can ƙasa, za ka ga haruffa 30 da 'yan kai a layi huɗu. Suna cewa Sarki Wu na Zhou ya kai wa Shang yaƙi da safiyar ranar jiazi (sunan wata rana a tsohon lissafin kwanakinsu), ya ci su; bayan kwana 7 sarki ya yi wa wani bafade mai suna Li kyautar ƙarfe, shi kuma ya ƙera wannan kwano don girmama kakansa. Littattafan da aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayan yaƙin sun ambaci wannan rana ta jiazi, ga shi wani da ya ga zamanin ya tabbatar. Daga nan duk kwanon da sifarsa, zanen jikinsa da salon rubutunsa suka yi kama da na Li, ana iya ajiye shi a farkon daular Zhou ba tare da fargaba ba.

A wannan shekara ta 1976 dai aka sami wata taska a Zhuangbai mai ɗauke da kayan tagulla 103 na gida ɗaya. A cikinsu akwai farantin Shi Qiang mai haruffa 284, wanda ya jero sarakunan Zhou tun daga Wen har zuwa Mu, sannan ya yabi sarkin da ke kan gado bai ambaci sunansa ba. Wanda ya gaji Mu shi ne Gong, don haka farantin na zamaninsa ne. Abin da ya fi burge ni shi ne sauran kayan na kakannin Qiang ne da 'ya'yansa, sai ga masana suna kallon yadda ado ke sauyawa daga tsara zuwa tsara a cikin zuriya guda, kamar mai duba kwallaye da tasoshin jeren kaka da na uwa da na jika a ɗaki ɗaya.

Ido ma yana da nasa aikin. A 1953 Max Loehr, Bajamushe, ya jera adon tagullar Shang zuwa salo 5, daga siraran layuka zuwa fuskar dodon nan taotie da ta fito ɓaro-ɓaro, kuma haƙe-haƙen da aka yi daga baya a Zhengzhou sun goyi bayan jerin nasa. Amma salo yana nuna maka wa ya girmi wa ne kawai. Sunan sarki sai tagullar ma'auni.

To amma sunan sarki ba shekara ba ne, kuma a nan maganar kuɗi ta shigo. Lissafin shekarun ƙasar Sin da kowa ya yarda da shi ya fara ne daga 841 kafin Miladiyya. Game da faɗuwar Shang kaɗai, masana sun kawo shekaru daban-daban fiye da 40. A 1996 gwamnati ta ɗauki nauyin wani gagarumin aikin tantance shekarun daulolin Xia, Shang da Zhou, da masana kusan 200, ciki har da Li Xueqin a sahun shugabanni. Aka haɗa gwajin kabon na ƙasusuwa da gawayi, lissafin taurari, da kwanakin wata da ke rubuce a jikin tagulla. A shekarar 2000 suka sanar da 1046 kafin Miladiyya a matsayin shekarar yaƙin da kwanon Li ke magana a kai.

Ba kasafai ake tara masana tarihi, masu ilimin taurari da masu ɗakin gwaji a kan tambaya ɗaya haka ba, kuma ba don kuɗin hukuma ba da hakan bai yiwu ba. Sai dai mai ba da kuɗi yakan ba da wa'adi, yana kuma son amsa ɗaya tak. Masana irin su David Nivison da Edward Shaughnessy a Amurka sun yi suka mai zafi, suna ganin an matse hujjoji don jadawalin ya daidaita. A ganina sukar tana da tushe, domin jimlar da aka dogara da ita a kwanon Li, wadda wasu ke karantawa a matsayin maganar tauraron Mushtari, har yau ba a daidaita kan fassararta ba.

Jadawalin aikin ya ba Sarki Cheng, magajin Wu, shekara 22 a kan gado, ya ba ɗansa Kang 25. A 2007 masani Zhu Fenghan ya wallafa rubutun wani kwano, Yao Gong gui, wanda sifarsa ta farkon Zhou ce, rubutun kuma ya ce an yi shi a shekara ta 28 ta sarautar sarki. Ko Cheng ne ko Kang, lissafin bai ɗauke shi ba. Abin takaicin shi ne kwanon ya ɓulla ne a hannun mai tara kayan tarihi, ba masu haƙa ne suka ciro shi da hannunsu ba. Da an same shi a kabarinsa, da ƙasusuwa da tukwanen ƙasa da ke gefensa, da an gwada su an ji abin da za su ce. Wanda ya tone shi ya sayar da kwanon, ya watsar da sauran, kamar yadda aka yi wa wuraren tarihin Nok da yawa a nan kudancin Kaduna.