Kana sa ido kan alam ɗin kwastoma ba kwantiragi? Ga inda doka za ta kama ka

Wannan maganar taku ce masu sana'ar sa alam (ƙararrawar tsaro ta ɓarayi ko gobara), musamman masu karɓar kuɗin wata-wata don sa ido, wato in ƙararrawa ta buga a gida ko shagon kwastoma sigina ya zo muku, ku kira shi ko 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana. Da yawa sai a jona mutum kawai, a ce takarda daga baya, kuma bayan nan ba ta taɓa zuwa. Abin yana damuna sosai wallahi.

Wasu na ɗauka in ba a sa hannu ba to babu abin da ya hau kansu. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce a mafi yawan dokoki, tunda kana karɓar kuɗinsa kana masa aiki, nauyi ya riga ya hau kanka. Abin da ka rasa shi ne kariyarka kai.

Ga yadda abin yake. Kwantiragin sa ido mai kyau yana faɗa ƙarara cewa kamfanin alam ba kamfanin inshora ba ne, kuma yana yanke iyakar diyyar da za a nema a wajenka in wani abu ya faru. Dalilin a fili yake, kuɗin da kake karɓa a wata ɗan kaɗan ne, amma dukiyar da ke cikin ginin za ta iya ninka shi sau dubbai. To a ce netwok ya ɗauke, ko batir ya mutu, ko yaron da ke kan aiki da dare barci ya sace shi, gobara ta cinye sito kurmus, in babu wannan sharaɗin a rubuce da sa hannun kwastoma, ana iya neman asarar gaba ɗaya a kanka, in kuma an rasa rai ai magana ta ƙara girma.

Za ka ce kwastomana mutumin kirki ne, mun daɗe tare, ba zai kai ni kotu ba. Wataƙila gaskiya ne, amma ba lallai shi zai kai ka ba. In yana da inshora, kamfanin zai biya shi, sannan ya tsaya a matsayinsa ya shigar da ƙara a kanka don ya maido kuɗinsa, doka ta ba shi wannan damar, kuma shi ba ruwansa da zumuncinku. A cikin kwantiragi ne ake sa kwastoma ya yafe wannan haƙƙin tun farko. Naka kamfanin inshorar ma ka duba takardunsa da kyau, wasu suna sharɗanta sai da rubutaccen kwantiragi kafin su tsaya maka.

Sai batun kuɗinka. A yawancin jihohin Amurka, misali, yarjejeniyar da ba za a iya kammala ta cikin shekara 1 ba sai an rubuta ta kafin kotu ta tilasta, ƙa'idar da ta samo asali daga wata dokar Ingila ta 1677. Ka ga in kun yi da baki cewa shekara 3 ne, ya tsere a wata na 5, da wuya ka karɓi ragowar.

Amma fa kar a ɗauka takarda laya ce. Kotuna da yawa ba sa bari sharaɗin iyakance diyya ya kare wanda ya yi ganganci ko mummunan sakaci, kamar ka ga siginar gobara ka share.

Wani ramin da ake yawan faɗawa ciki shi ne in an sayar da gidan ko sabon ɗan haya ya shiga, alam na nan yana aiki, kai kuma kana ci gaba da sa ido kana karɓar kuɗi a hannun sabon. Sa hannun tsohon mai gida bai ɗaure wannan ba, sai ka kai masa tasa takardar ya karanta ya sa hannu, ka rubuta lambobin waɗanda za a kira da wanda za a fara kira, kafin ka bar layinsa a jone.