Shugaba a Gaban Kyamara: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Shugabannin Najeriya ke Magana da Jama'a ta Talabijin

Yaushe 'yan siyasar Najeriya suka fara amfani da talabijin?

Tun ranar da aka kafa ta, domin siyasa ce ta haife ta. A 1953 Gwamna John Macpherson ya soki jam'iyyar Action Group a gidan rediyon gwamnatin mulkin mallaka, da shugaban jam'iyyar, Obafemi Awolowo, ya nemi a ba shi damar mayar da martani sai aka hana shi. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe tashar WNTV a Ibadan a 1959. Kaduna ta samu tata a 1962, daga baya kuma gwamnatin soja ta tattara tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977. Sai a 1992 doka ta bai wa 'yan kasuwa damar kafa tashoshi, abin da ya share fage ga irin su Channels da AIT.

Ta waɗanne hanyoyi shugaba ke fitowa a talabijin?

Hanya ta farko ita ce jawabi ga 'yan ƙasa, inda shugaba ke zaune shi kaɗai, tuta a bayansa, yana karanta abin da aka rubuta, galibi an riga an naɗa kafin a watsa. Irinsa ake yi ranar 1 ga Oktoba, ko idan wani babban al'amari ya taso, kamar jawabin Muhammadu Buhari na 29 ga Maris 2020 da ya sanar da dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja saboda cutar korona. Ta biyu ita ce hira da zaɓaɓɓun 'yan jarida, wadda ta yi tashe a zamanin Olusegun Obasanjo. Ta uku muhawarar 'yan takara ce, kamar wadda aka yi tsakanin Moshood Abiola da Bashir Tofa gabanin zaɓen 12 ga Yuni 1993.

Mene ne ainihin bambancin jawabi da hira, tunda mutum ɗaya ne ke magana?

A nan ne gizo ke saƙar. A jawabi, shugaba ne ke zaɓar abin da zai faɗa, shi ne kuma ke zaɓar abin da zai yi shiru a kai, babu mai tsayar da shi. Jawabin Buhari na 22 ga Oktoba 2020 misali ne da ya isa: kwana biyu bayan harbe-harben da aka yi a Lekki lokacin zanga-zangar EndSARS, shugaban ya yi magana bai ambaci abin da ya faru a wurin ba, kuma wannan shirun shi ne abin da mutane suka fi tattaunawa washegari. A hira kuwa, akwai wanda zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, ba ka amsa tambayata ba." A ganina, darajar hira kacokan tana rataye ne a kan wannan tambaya ta biyu. Idan an miƙa tambayoyi tun kafin zama, ko aka gayyato 'yan jaridar da ba za su matsa ba, ko aka datse naɗin kafin a watsa, to jawabi ne kawai aka raba shi gida-gida. Wannan ne ya sa ya dace mai kallo ya lura da abin da ɗan jarida ya yi bayan amsar farko, fiye da yadda yake lura da kwalliyar ɗakin.

Me ya sa shugabanni ke jinkirin fitowa?

Saboda kalma ɗaya tana iya zama kaya. Ranar 29 ga Mayu 2023, a dandalin Eagle Square, Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, kafin a kwana biyu layuka sun cika gidajen mai, farashi ya tashi. Masu ba shugaba shawara sun san haka, don haka suka fi son rubutaccen jawabi ko sanarwar mai magana da yawun fadar shugaban ƙasa. Buhari ya yi hirarsa ta farko irin ta zaɓaɓɓun 'yan jarida ranar 30 ga Disamba 2015, wata bakwai bayan rantsuwa, Tinubu kuwa sai 23 ga Disamba 2024. Amma jinkirin ma yana da nasa tsadar, domin Goodluck Jonathan ya sha suka ƙwarai da ya ɗauki kusan mako uku kafin ya yi magana a talabijin kan 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014.

Shin saƙon na isa ga wanda ba ya jin Turanci?

Ba kai-tsaye ba, kuma wannan abin damuwa ne. Da Turanci ake yin jawabin, sau da yawa a lokacin da babu wutar lantarki, saboda haka manomi a Kazaure ko mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau yakan ji shi ne a taƙaice daga rediyo, ta bakin mai fassara wanda shi ma ya zaɓi abin da zai ɗauko. Ƙarfin harshen gida ya fito fili a Disamban 2024, lokacin da Janar Abdourahamane Tiani na Nijar ya yi doguwar hira da Hausa a gidan talabijin na ƙasarsa yana zargin Faransa da wasu jami'an Najeriya. Maganar ta ratsa arewacin Najeriya cikin sa'o'i, har sai da Nuhu Ribadu, mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya fito ya musanta zargin da Hausa.

Wayar hannu ba ta rage wa talabijin muhimmanci ba?

Ta sauya yadda ake kallo ne. Mutane kaɗan ke zama su kalli hirar sa'a guda daga farko har ƙarshe. Abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok guntun bidiyo ne na daƙiƙa 30, wanda wani ya yanko don wata manufa tasa. Duk da haka, daga ɗakin ɗaukar shirin talabijin ake yanko guntun, kuma cikakken naɗin da tashar ta ajiye shi ne abin da ake komawa gare shi idan gardama ta kaure kan abin da shugaba ya faɗa.