Leica M3

Leica M3 kyamarar ɗaukar hoto ce mai aiki da fim na milimita 35, wadda kamfanin Ernst Leitz na garin Wetzlar a Jamus ya fara nunawa a baje kolin Photokina na birnin Kolon a shekarar 1954. Harafin M ya samo asali ne daga kalmar Jamusanci Messsucher, wato tagar leƙe mai auna nisa, kuma a wannan taga martabar kyamarar take.

Idan mai hoto ya kai ido tagar, zai ga ɗan fili mai haske a tsakiya, inda abin da yake son ɗauka ya rabu biyu. Siffa ɗaya tana shigowa kai tsaye, ɗayar kuma ta wata ƙaramar taga da ke gefe, wadda tazararta da ta farko milimita 68.5 ce. Yayin da yake murɗa zoben gilashin gaba, wani ɗan hannu mai taya da ke cikin kyamarar yana bin motsin gilashin yana matsar da siffa ta biyu, har su hau kan juna su zama ɗaya. A nan saiti ya yi daidai. Tagar tana nuna abu kusan a ainihin girmansa, kashi 91 cikin 100, shi ya sa wasu ke ɗaukar hoto da idanu biyu a buɗe. Layuka masu haske kuma suna shata iyakar hoton ga gilasan milimita 50 da 90 da 135.

Babu batir a cikinta, babu ma'aunin haske. Labulen da ke buɗe wa fim haske na yadi ne mai shafen roba, yana gudu daga daƙiƙa 1 zuwa kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, kuma da yake babu madubin da ke tashi a ciki lokacin ɗaukar hoto kamar a wasu kyamarori, ƙararsa ba ta wuce ɗan ƙyas ba. Sai dai labulen yana son hattara, domin idan aka bar gilashi ba murfi yana fuskantar rana, labulen yana iya ƙonewa ya huje.

Ma'aunin nisan ba ya saita abin da ya matso ƙasa da kimanin mita 1. A kyamarorin farko-farko sai an ja hannun naɗe fim sau biyu kafin kowane hoto, daga 1958 aka mayar da shi sau ɗaya. An ƙera fiye da 220,000 kafin a daina a 1966.