Waiwaye: Makulli biyu, ɗaya na kowa, ɗaya naka kai kaɗai

Wata Asabar ina zaune a wani shago a Farm Centre ina jiran a canza mini gilashin waya, sai ga wani dattijo ya miƙa wa yaron shagon tasa wayar. "Ɗana, buɗe mini asusun kirifto ɗin nan, jikana ne zai riƙa turo mini kuɗi daga waje." Yaron ya ce, "To Baba, kawo." Ya 'yan danne-danne, kalmomi 12 na Turanci suka bayyana, ya kwafe su a bayan rasit, sannan ya ɗauki hotonsu da wayarsa, wai don kada su ɓace. Gabana ya faɗi. Daga waɗannan kalmomin ake ƙera makullin sirri na asusun kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, kuma duk wanda ya riƙe su, shi ne mai dukiyar.

Tun zamanin da, mai son aika saƙon sirri matsalarsa ɗaya ce: makullin da ya kulle saƙon shi ne zai buɗe shi, don haka dole ya fara kai wa abokinsa makullin. In ɗan aiken ya ci amana ko aka tare shi a hanya, asiri ya tonu. Ko Jamusawa a yaƙin duniya na biyu, da na'urarsu ta Enigma, sai da suka riƙa rarraba takardun makullai ga rundunoninsu.

A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman, a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka fito da wata dabara: a raba makullin gida biyu. Ka ɗauka ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya raba wa abokan cinikinsa kwaɗuna a buɗe. Kowa zai iya zuba saƙo a akwati ya datse kwaɗon, amma buɗewa sai mai makulli, makullin kuwa bai taɓa barin aljihunsa ba. Kwaɗon shi ne makullin fili, wanda ake bai wa kowa. Na aljihun shi ne makullin sirri. Shekara ɗaya bayan haka, Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na jami'ar MIT ta Amurka suka samo lissafin da zai yi wannan aikin, aka sa masa suna RSA daga harufan farko na sunayensu. Ashe hukumar leƙen asirin Birtaniya, GCHQ, ta riga su: Clifford Cocks ya gano kusan abu ɗaya tun 1973, bisa tunanin James Ellis, amma aka rufe maganar har 1997.

Lissafin ba shi da wuyar fahimta. Kwamfuta za ta zaɓi lambobi biyu irin waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kuma kansu, ta ninka su. In na ce 67 sau 83, ɗan firamare zai ba ni 5561. In kuwa 5561 na ba shi na ce ya nemo iyayenta, sai ya yi ta gwaji. Sakamakon ninkin ake nuna wa duniya, iyayen kuwa su ne sirrin. To a RSA na yau, mai bit 2048 (bit shi ne ma'aunin tsawon lamba a kwamfuta), lambar da ake nuna wa duniya tana da alƙaluma kusan 617. Mafi girma da masana suka iya farfasawa a bainar jama'a a 2020 mai alƙaluma 250 ce.

Gwamnatin Amurka ba ta so wannan makami ya shiga hannun talaka ba. Da Phil Zimmermann ya saki manhajar PGP kyauta a 1991, wadda ta ba kowa damar ƙera makullansa a kwamfutarsa, sai aka buɗe masa bincike kan zargin fitar da makami ƙasar waje. A 1996 aka janye.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne, ba kasafai ɓarawo ke shiga ta ƙofar lissafi ba. Ta wajen haihuwar makullin yake shiga. Dole lambobin da kwamfuta za ta zaɓa su zama irin waɗanda ba wanda zai iya cinkarsu, kwamfuta kuwa baiwar umarni ce, ba ta iya ƙuri'a da kanta sai ta tara hargitsi daga motsin linzami, da lokacin danna maɓallai, da ƙarar cikin na'ura. A 1995 wasu ɗalibai biyu a Berkeley, Ian Goldberg da David Wagner, suka gano manhajar shiga intanet ta Netscape da agogo da lambar aikin da ke gudana take dogara, abin da ake iya cinka. Na Debian, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, ya fi muni. A 2006 wani mai gyara ya cire layuka kaɗan daga OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullai a cikinta, da kyakkyawar niyya, ba wanda ya lura sai a Mayun 2008. Tsawon wannan lokaci, makullan da aka ƙera a Debian na kowane nau'i ba su wuce kusan 32,768 da ake ta maimaitawa ba. A ido makullin lafiya lau yake, doguwar lamba mai ban tsoro, alhali kowa zai iya jera su duka ya gwada ɗaya bayan ɗaya. A 2012 ma masu bincike sun tattara miliyoyin makullan fili daga intanet, suka tarar dubbai sun yi tarayya a lamba ɗaya cikin biyun da ake ninkawa, abin da ke sa a iya karya su, galibi a ƙananan na'urorin sadarwa da ke ƙera makulli da zarar an kunna su, kafin su tara isasshen hargitsi.

Yau abin ya koma daƙiƙa guda. Ɗalibin kwamfuta a BUK zai rubuta umarnin ssh-keygen, fayil biyu su fito: mai .pub a ƙarshen suna shi ne na fili, ya ɗora shi a sabar, wato kwamfutar nesa da yake son shiga, ɗayan ya zauna a kwamfutarsa, kuma gara ya sa masa kalmar sirri. Yawanci yanzu, maimakon RSA, wani lissafi da ake kira na lanƙwasassun layuka ake amfani da shi, wanda Neal Koblitz da Victor Miller suka gabatar a 1985, don makullinsa gajere ne, bit 256. Shi Bitcoin ke amfani da shi tun 2009, kuma tun Afrilun 2016 kowace waya mai WhatsApp tana ƙera irin wannan tagwayen makulli ba tare da mai ita ya sani ba. Akwai fargabar kwamfutar kwantam, wani sabon nau'in kwamfuta da ake kan ƙerawa, wadda Peter Shor ya nuna tun 1994 za ta iya karya RSA da lissafin lanƙwasassun layuka duka in ta girma, shi ya sa hukumar tsara ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da sababbin ƙa'idojin makullai da za su jure mata a Agustan 2024.

Ban zargi yaron shagon da mugun nufi ba. Taimako ya yi niyya. Amma hoton yana wayarsa, wayar kuwa hannu nawa take bi a yini? Na matsa kusa na ce, "Baba, don Allah a bar wannan asusun tunda ba a zuba komai ba, a buɗe sabo." Yaron ya nuna masa inda zai danna, muka juya baya ni da shi. Dattijon ya sa tabarau, ya kwafi sababbin kalmomin da hannunsa, harafi bayan harafi, ya ninke takardar ya sa a aljihun 'yar cikinsa.