Wasan Kwaikwayon Romulus da Labarin Kafuwar Birnin Rum: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin shiri ne Romulus, kuma su wa suka shirya shi?

Romulus wasan kwaikwayo ne mai dogon zango da aka shirya a ƙasar Italiya, wanda tashar Sky ta fara nunawa a watan Nuwamban 2020. Matteo Rovere ne ya ƙirƙiro shi, shekara guda bayan fitowar fim ɗinsa na 2019 a kan Romulus da Remus, tagwayen da hikayar kafuwar birnin Rum ta ginu a kansu. Zango na farko kashi 10 ne, na biyu kuma, wanda ya fito a 2022, kashi 8. Labarin yana faruwa ne a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, a yankin Latium da ke tsakiyar Italiya, lokacin da babu wani birni mai suna Rum, sai ƙauyuka a kan tuddai da dazuzzuka da fadamu a bakin kogin Tiber. Abin da ya fi jan hankalin masu kallo tun farko shi ne cewa 'yan wasan suna magana da wani tsohon nau'in harshen Latin, wanda babu mai amfani da shi yau a doron ƙasa.

Mene ne ainihin labarin da Rumawa suka gada a kan kafuwar birninsu?

Kamar yadda marubucin tarihi Libiyus ya kawo, akwai wani gari mai suna Alba Longa wanda zuriyar Ayniyas, jarumin da ya tsere daga Taroya bayan an ci ta da yaƙi, suke sarauta. Sarautar ta zo kan Numitor, sai ƙanensa Amulius ya yi masa juyin mulki, ya kashe 'ya'yansa maza, ya kuma tilasta wa 'yarsa Reya Silbiya shiga cikin 'yan matan da ke tsaron wutar abar bautarsu Besta, waɗanda aka haramta wa aure, don kada Numitor ya sami jikan da zai nemi gadon sarauta. Duk da haka ta haifi tagwaye, Romulus da Remus, ta ce Mars, wanda suke bauta wa a matsayin ubangijin yaƙi, shi ne ubansu. Amulius ya sa aka jefa jariran a kogi, amma da yake Tiber ya yi ambaliya, kwandon da aka sa su ya tsaya a gindin tudun Falatin. Nan wata macen kyarkeci ta shayar da su, har wani makiyayi mai suna Faustulus ya tsince su ya kai wa matarsa.

Da suka girma suka gane asalinsu, sai suka kashe Amulius suka mayar da kakansu kan gadonsa, sannan suka ƙudura kafa nasu garin a inda aka tsince su. Da yake tagwaye ne, babu babba babu ƙarami, sai aka koma ga duba da tsuntsaye don a san wanda zai yi sarauta. Remus, a tudun Abentin, shi ya fara ganin ungulaye 6. Romulus, a Falatin, ya ga 12 daga baya. Kowane ɓangare ya ce nasa ne ya yi nasara, wannan da riga gani, wancan da yawa. A riwayar da ta fi shahara, Remus ya tsallake sabuwar ganuwar ɗan'uwansa don izgili, Romulus ya kashe shi, yana cewa haka za ta faru da duk wanda ya tsallake ganuwarsa.

Shirin ya bi wannan labari sau da ƙafa?

Bai bi ba, kuma a nan ne na ga hikimarsa. Wanda ya zauna yana jiran kwando a kan ruwa da jarirai biyu a ƙarƙashin kyarkeci zai daɗe yana jira. Tambayar da marubutan suka yi wa kansu ita ce: waɗanne irin abubuwa ne za su iya faruwa ga mutane na gaske, waɗanda idan aka yi ta ba da labarinsu daga baki zuwa baki na ɗaruruwan shekaru za su rikiɗe su zama wannan hikaya?

Shirin ya buɗe da fari mai tsanani a ƙasar ƙabilu 30 na Latinawa da ke ƙarƙashin Alba Longa. Aka yi duba, aka ɗora alhakin rashin ruwan a kan sarki Numitor, aka makantar da shi aka kore shi. Jikokinsa tagwaye, Enitos da Yemos, su ne ya kamata su gaje shi, amma Amulius ya kashe Enitos, aka laƙaba wa Yemos laifin, ya gudu daji. A can ya haɗu da Wiros, maraya kuma bawa daga garin Velia, wanda aka tura daji tare da samarin garinsu don su yi zaman gwajin da ake yi kafin a ɗauki yaro a matsayin namiji. Waɗannan biyu, ɗan sarki da bawa, waɗanda ba su haɗa jini ba, su ne suka zama 'yan'uwan da labarin ya ginu a kansu. Ta uku ita ce Ilia, 'yar Amulius, mai tsaron wutar Besta, wadda mutuwar masoyinta Enitos ta fitar da ita daga ɗakin bauta ta kai ta ga ɗaukar makami. Sunanta ma aro ne daga tsofaffin riwayoyi, domin wasu marubutan Rum Ilia suke kiran mahaifiyar tagwayen. Ita kuwa kyarkeci, ta koma Rumia, abar bautar mutanen daji.

Me ya sa aka wahalar da 'yan wasa da harshen da ya mutu?

Domin harshe shi ne abin da ya fi saurin nuna wa mai kallo cewa waɗannan mutane ba irinsa ba ne. Idan jarumi ya buɗe baki ya yi Italiyanci na yau, nan da nan a ɗauka tunaninsa ma na yau ne. Sai dai ya kamata a san cewa harshen da ake ji a shirin sake gini ne da masana suka yi, ba abin da aka tarar a rubuce ba. Rubuce-rubucen Latin mafi tsufa da suka rage 'yan kaɗan ne, kuma duk sun biyo bayan zamanin da shirin yake magana a kai. Akwai wani ɗan maɗaurin tufafi na zinariya daga garin Praeneste, na ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, mai ɗauke da kalmomi huɗu kacal da ke cewa wane ya ƙera ni domin wane. Akwai kuma dutsen da aka tono a dandalin tsohon birnin Rum a 1899, wanda rubutunsa na wajen ƙarni na 6 ne kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a cikinsa ana iya karanta tsohuwar siffar kalmar da ke nufin sarki. Daga irin waɗannan gutsattsari, da kwatanta Latin da harsunan da suke dangi, aka ɗinka maganganun da 'yan wasan suka haddace.

To, akwai shaidar cewa an taɓa yin wani mutum mai suna Romulus?

Babu wani rubutu na zamaninsa da ya ambace shi, kuma tazarar da ke tsakaninsa da waɗanda suka rubuta labarinsa mai faɗi ce ƙwarai. Barumen farko da ya rubuta tarihin birnin, Fabius Pictor, ya yi aikinsa ne wajen shekara ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa, wato fiye da shekara 500 bayan abin da yake bayani. Libiyus ya zo kusan shekara 200 bayan wannan, a zamanin sarki Agustus, kuma shi da kansa ya faɗa a gabatarwar littafinsa cewa labaran farkon birnin sun fi kama da ƙirƙirar mawaƙa, ba zai tabbatar da su ba, ba kuma zai ƙaryata su ba. Shekarar 753 kafin haihuwar Annabi Isa, da ake yawan ambata a matsayin shekarar kafuwar birnin, lissafi ne na wani malami mai suna Varro a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma wasu marubutan sun ba da shekaru dabam. Ranar 21 ga Afrilu, wadda har yau ake bikinta a matsayin ranar haihuwar birnin, asalinta ranar wani bikin makiyaya ce. Yawancin masana suna ganin daga sunan garin aka ciro sunan mutumin, ba akasin haka ba.

Ƙasa kuwa ta ba da nata bayanin. A kan tudun Falatin an tono ramukan da aka sassaƙa cikin dutse don kafa ginshiƙan bukkoki na wajen ƙarni na 8, kuma kaburburan da ke kwarin da ya zama dandalin birnin sun nuna cewa mutane na zaune a wurin tun kafin haka. A 1988 masanin tono kayan tarihi Andrea Carandini ya gano ragowar wata ganuwa a gefen arewa na tudun, wadda aka ƙiyasta an gina ta a rabi na biyu na ƙarni na 8. Shi yana ganin wannan ita ce ganuwar da hikayar take nufi. Da yawa daga abokan aikinsa sun ce ganuwa tana nuna an yi gini, amma ba ta faɗin sunan wanda ya sa aka gina. Abin da ya fi samun karɓuwa shi ne cewa ƙauyukan tuddan sun haɗe ne sannu a hankali, saboda wurin yana da mashigi a kan Tiber kusa da tsibirin da ke tsakiyarsa, kuma ta nan hanyar fataucin gishiri daga bakin teku take bi zuwa cikin ƙasa.

Ita kuma kyarkecin fa?

Tun a zamanin da Rumawa sun yi shakkarta. Libiyus ya kawo cewa kalmar lupa tana nufin macen kyarkeci, tana kuma nufin karuwa, don haka wasu suka ce laƙabin matar makiyayin ne ya haifi labarin. Duk da haka alamar ta kafu da wuri: a shekara ta 296 kafin haihuwar Annabi Isa an kafa mutum-mutumin tagwayen a ƙarƙashin kyarkeci a birnin. Shi kuwa sanannen mutum-mutumin tagulla na kyarkecin da ke gidan tarihi na Kafitol, jariran da ke ƙarƙashinsa ƙari ne da aka yi a ƙarshen ƙarni na 15 bayan haihuwar Annabi Isa.

Me ya sa al'umma za ta riƙe labarin da ke cewa wanda ya kafa ta ya kashe ɗan'uwansa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma ta dami Rumawa su kansu. Al'ummomi da yawa suna wanke kakanninsu tas idan sun zo ba da labarin asali, amma Rumawa sun bar jinin Remus a bakin ganuwa, sun kuma ƙara da cewa Romulus ya buɗe mafaka a tudun Kafitol ga bayin da suka gudu da masu laifi da korarru, kuma waɗannan ne mazauna birnin na farko. Wasu sun karanta kisan a matsayin darasi cewa ganuwa da doka sun fi zumunta ƙarfi. Wasu kuma sun ga la'ana a cikinsa: mawaƙi Horas, a lokacin yaƙe-yaƙen basasa, ya danganta yadda Rumawa suke karkashe juna da jinin Remus da aka zubar ba da hakki ba. An ruwaito cewa Oktabiyan, mai mulkin Rum a lokacin, ya yi sha'awar ɗaukar sunan Romulus a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ya ƙare da laƙabin Agustus. Daga baya malamin Kirista Agustin ya kwatanta tagwayen da Habila da Ƙabila.

Da shirin ya mai da 'yan'uwantakar ta zama ta zaɓi maimakon ta jini, sai ya ƙara wa wannan tambaya nauyi. Yemos ya riga ya rasa ɗan'uwan da suka kwanta ciki ɗaya, Wiros kuwa bai taɓa samun kowa ba, kuma mai kallon da ya san yadda hikayar ta ƙare yana kallon kowane alƙawarin amana a tsakaninsu da fargaba.

Zango na biyu a kan me ya tsaya?

A kan rikicin sabon garin da maƙwabtansa Sabinawa da sarkinsu Titus Tatius. A hikayar, mazan Rum da ba su da mata sun gayyaci Sabinawa biki suka sace 'yan matansu, aka yi yaƙi, har matan suka shiga tsakanin iyayensu da mazajensu, aka yi sulhu, Romulus da Tatius suka yi sarauta tare. Shirin ya sake fasalin wannan ma, inda matan da aka ɗauko suka zama masu hidimar bauta na Sabinawa.

Mai kallo zai iya dogara da shirin don sanin tarihi?

Ya dogara da shi a kan yanayin rayuwa, kada ya dogara da shi a kan abin da ya faru. Yemos da Wiros da Enitos ƙirƙirar marubuta ne, ba a samun su a Libiyus ko wani tsohon littafi. Amma bukkokin laka da jinka sun yi kama da ƙananan tukwanen toka masu siffar bukka da aka tono a kaburburan Latium, waɗanda mutanen wancan zamani suke zuba tokar mamatansu a ciki. Adadin ƙabilu 30 ya zo a tsofaffin riwayoyi. Masu tsaron wutar Besta sun wanzu a tarihi, su 6 ne a zamanin da aka sani sosai, suna hidimar shekara 30, kuma wadda ta karya alƙawarin budurcinta da rai ake binne ta. Samarin da ake kira Luperci, wato waɗanda shirin ya nuna ana tura su daji, su ma sun wanzu, ko da yake a zamanin tarihi an san su ne da bikin ranar 15 ga Fabrairu, inda suke zagaya tudun Falatin a guje suna tsula wa mutane tsumagiyar fatar akuya, kuma matan da ke neman haihuwa suna miƙa hannu da kansu don a doke su.