Keken ƙarfe mai giya ɗaya ba keken wahala ba ne

An daɗe ana cewa keken ƙarfe mai giya ɗaya nauyi ne kawai, wai mai zuwa aiki kullum sai ya sayi na alminiyam mai giya da yawa. Masu faɗin haka suna da hujjarsu, don ƙarfe ya kusan ninka alminiyam sau uku a nauyi. Amma kuma ya ninka shi kusan sau uku a tauri, shi ya sa ake yin bututunsa siriri. Bambancin nauyin firam (wato gangar jikin keke) ɗin biyu sau da yawa bai wuce kilo ɗaya ko biyu ba.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya, abin da ke cin ƙarfin mai tuƙi shi ne iskar da ke bugunsa da tayar da ba ta sha iska sosai ba. Giya na da amfani sosai wajen hawan tudu, wannan gaskiya ne. In hanyarka ba tudu, giya ɗaya ta isa, sarƙa na tafiya a miƙe, ba wayoyin canji da za su lalace. Firam ya tsage, mai walda zai gyara.

Gwada da kanka. Ɗora maganaɗisu a firam: in ya manne, ƙarfe ne. Ƙirga haƙoran da sarƙa ke hawa, 44 a gaba da 16 a baya na nufin zagayen feda ɗaya taya ta juya sau 2.75. Duba tsatsa inda fenti ya ɓare, sannan ka hau shi a hanyar da kake bi.

Don Allah a tura wa masu shirin sayen keke.