Mene ne sinadaran da ke biyo bayan tsarkake ruwa, kuma me ya haɗa su da haihuwa?

Ruwan kogi ko na madatsa ba ya isa matatar ruwa shi kaɗai. Yana zuwa da narkakken ruɓaɓɓen ganye, da gansakuka, da sauran dattin da ido ba ya gani. Idan aka zuba masa kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta, wani kaso na kulorin ɗin sai ya haɗu da wannan datti, su haifar da wasu sababbin sinadarai waɗanda babu wanda ya zuba su da gangan. Su ne ake kira sinadaran da ke biyo bayan tsarkake ruwa, masana kuma suna taƙaita sunan da haruffan DBP.

Tun shekarar 1908 aka fara zuba kulorin a ruwan birnin Jersey City na Amurka ba tare da yankewa ba, amma sai a 1974 wani masanin kimiyya mai suna Johannes Rook ya gano irin waɗannan sinadarai a ruwan Rotterdam ta ƙasar Holan. Zuwa yau an tantance fiye da 600. Mafi shahara su ne rukunin tirihalometan, wanda ya ƙunshi sinadarai huɗu ciki har da kulorofom, sai kuma rukunin asid na haloasetik. Inda ruwa yake ɗauke da buromayid, wato wani narkakken gishiri mai sinadarin buromin, kamar a yankunan da ruwan teku ke kutsawa, nau'in da ke samuwa yakan ƙunshi buromin, kuma shi ne ya fi tayar wa masu bincike hankali.

Da farko cutar daji aka fi tsoro, musamman ta mafitsara. Batun haihuwa ya taso sosai ne a 1998, lokacin da wani bincike a jihar Kalifoniya, wanda ya bi diddigin mata masu juna biyu fiye da dubu biyar, ya nuna cewa waɗanda suke shan kofi biyar ko fiye na ruwan famfo a kullum, alhali tirihalometan ɗinsa ya kai mikirogiram 75 a kowace lita (mikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), sun fi sauran yin ɓari. Sai dai wani bincike da aka buga a 2006, wanda ya auna ruwan da matan suke amfani da shi a kai a kai, bai tabbatar da wannan alaƙa ba. Abin da ya fi maimaituwa a nazarce-nazarce shi ne ɗan ƙarin yiwuwar a haifi jariri da nauyin da bai kai na watanninsa ba, kuma ƙarin kaɗan ne.

Maganar homon, wato sinadaran da jiki yake aika saƙo da su tsakanin gaɓoɓinsa, daga ɗakin gwaji ta fi samun ƙarfi. An ba wani nau'in ɓeraye masu ciki sinadarin buromodikulorometan, ɗaya daga cikin tirihalometan, sai homon ɗin da ke riƙe cikin ya ragu, cikin ya zube. An kuma ga asid na dibromoasetik, wanda ke cikin rukunin haloasetik, yana lalata maniyyin ɓeraye maza. A cikin mutane, an samu alamar cewa matan da ruwansu ya fi yawan nau'in mai buromin, kwanakin da ke tsakanin al'adarsu sukan ɗan ragu. Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan: adadin da ake ba dabbobin gwaji ya ninka abin da ke cikin ruwan famfo nesa ba kusa ba, saboda haka abin da ya sami ɓera yana nuna hanyar da cutarwa za ta iya bi ne, bai zama hukunci a kan mace mai shan ruwan gidanta ba.

Akwai abin da ke wahalar da binciken, kuma ya kamata a san shi. Ba ta baki kaɗai sinadaran suke shiga jiki ba. Mutumin da ya daɗe yana wanka da ruwan zafi a rufaffen banɗaki, tururi ya cika ɗakin, yana shaƙar kulorofom, fatarsa kuma tana tsotsa. Gidaje biyu da suke shan ruwan matata ɗaya ma sukan bambanta, domin muddin ruwa yana kwance a bututu sinadaran suna ci gaba da haɗuwa, sukan kuma ƙaru a lokacin zafi.

Ina ganin babban kuskuren da za a tafka shi ne a ji wannan bayani a ƙaurace wa kulorin. Kwalara tana kisa cikin kwanaki, taifot ma yana kisa, kuma mai ciki da jaririnta suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙarara cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta da sunan rage waɗannan sinadarai. Gyaran yana hannun matatun ruwa: a kwantar da datti, a tace shi sosai kafin a zuba kulorin, ta yadda ba zai tarar da abin haɗuwa da shi da yawa ba. Amurka ta ƙayyade tirihalometan a mikirogiram 80 a lita, asid na haloasetik guda biyar kuma a 60, Tarayyar Turai ta sa iyakar tirihalometan a 100. A cikin gida, matacin ruwa mai gawayi na musamman yana rage su idan ana sauya shi a kan lokaci, tafasa ruwa yana korar yawancin tirihalometan ko da yake ba ya yin haka ga asid ɗin, buɗe tagar banɗaki lokacin wanka kuma yana rage abin da ake shaƙa.